Adashina ya kusa fita: esi na hannu zan saya ko fankar sola? Ga kuma maganar kaskon Inna

Malamar Firamare, Pantami

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kayan wuta, musamman mutanen Gombe da Bauchi da suka san irin zafin da muke sha.

Ni malamar firamare ce, muna haya a Pantami, ɗaki biyu da ɗan falo. Ni da maigida da yara uku, sai mahaifiyata da ta dawo hannuna tun bayan rasuwar Baba. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashi, naira 300,000, wata 10 ina zubi. Tun ranar da na shiga adashin na ƙudurta cewa kuɗin nan na maganin zafi ne, don abin da muka gani a bazarar bara ba na fatan mu sake ganinsa.

Bari in kwatanta muku gidan. Ginin bulo ne, rufin kwano, silin ɗin irin na kwali ne na da, ruwa ya ci shi. A ɗakin da Inna take kwana da yara har ya ɓurme ta kusurwa, kana kwance kana hango kwano. Ɗakina kuma bangonsa yamma yake kallo, babu bishiya babu rumfa. Rana takan dake shi tun daga azahar har ta faɗi. Ƙarfe 11 na dare in ka ɗora tafin hannu a jikin bangon nan sai ka ji kamar tandar waina da aka sauke yanzu. Katifar ma ɗumi take yi, filo sai an juya shi an sake juyawa. Fitowa tsakar gida mu kwana ba ta yi mana daɗi, don gidan haya ne mu huɗu, akwai samari a ɗakin bakin ƙofa, ni da babbar 'yata ba ma sakewa. Autana ɗan shekara biyu ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da gadon baya, ya yi ta susa yana kuka har asuba. Nakan jiƙa zani in matse in rufa masa, kafin rabin awa ya bushe ƙayau in sake tashi. Da safe in tafi aji ido jawur.

Wuta a layinmu takan zo kamar awa 6 zuwa 8 a rana, kuma yawanci da rana take zuwa lokacin ba kowa a gida, ko can tsakar dare. Wani lokacin ta zo ba ƙarfi, fankar sama tana juyi kana iya ƙirga fikafikanta. Mitar kati gare mu. Muna da ƙaramin janareto, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ma tayar da shi sai dole.

To ga inda kaina ya ɗaure. Maigida ya samo esi na hannu, ɗan Baljiyam, 1.5 HP, an yi masa kuɗi 170,000 ban da kuɗin ɗaurawa. Shi a ganinsa zafin Gombe ya fi ƙarfin fanka, iska mai zafi kawai take kaɗo maka, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Wata abokiyar aikina ta ce in sayi fanka mai ruwa, ita da ita take kwana. Maƙwabciyata kuma ta ce in haɗa ƙaramar sola in huta. Ni kuwa na tsorata da duk abin da ke da batir, don na taɓa sayen fanka mai caji, tana sabuwa takan kai mu kusan asuba, bayan wata 7 ko awa ɗaya ba ta yi. Tana nan a bayan ƙofa.

Sai maganar sanyi, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Inna tana fama da ciwon gwiwa, hunturu yana wahalar da ita sosai. Da kasko take kwana. Watan jiya wata asuba na je tashinta salla, ƙofa a rufe, taga ta cusa mata tsummoki, kasko na gefen katifa toka ta rufe garwashi. Na same ta zaune ta dafe kai da hannu biyu, ta ce ɗakin juya mata yake yi. Tana miƙewa sai amai. 'Yata ta tsakiya da ke kwana kusa da ita ita ma ta tashi da ciwon kai, ƙafafunta ba ƙwari. Muka fito da su waje muka shimfiɗa musu tabarma, zuwa hantsi suka warware. Ni zuciyata ta ba ni kaskon ne. Inna ta ce sam, tun tana yarinya a Dukku da kasko ake kwana, hawan jininta ne ya motsa. To yarinyar fa?

Don Allah ku ba ni shawara a kan abu biyu: me zan saya da kuɗin nan wanda zai yi aiki da irin wutarmu, kuma me zan samo wa Inna da zai maye gurbin kasko kafin hunturu ya zagayo? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Esi, Bauchi

Wa alaikumus salam Malama. Shekara 17 ke nan da esi da firji nake ci da iyalina, da son raina ne sai in ce ki saya, don duk wanda ya ɗaura esi na hannu watarana zai neme mu. Amma tsakani da Allah, a yadda kika kwatanta gidanki da wutarku, kada ki saya.

Bari mu yi lissafi a fili, ki nuna wa maigida. Esi 1.5 HP na da, wanda ba inbata ba (wato ba irin wanda ke rage jan wuta in ɗaki ya yi sanyi ba), yana jan kamar wat 1,200. In ya yi awa 8 ya sha yunit 9 zuwa 10 ke nan a dare ɗaya. Fankar sama ta yau da kullum wat 70 zuwa 80 take ja, ta kwana tana juyi ba ta cinye yunit ɗaya ba. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit na 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan rage amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Mai wannan layin in ya kwana da esi irin wannan ya ƙona kusan naira 2,000, a wata 60,000. Su aƙalla an yi musu alkawarin awa 20 a rana. Ku da kuke samun awa 6 zuwa 8 ba kwa cikin wannan rukuni, yunit ɗinku bai kai rabin nasu tsada ba, sai dai abin da aka rage muku a kuɗi an rage shi a wuta. Esi kuwa ba ya ajiye sanyi. An ɗauke wuta ƙarfe 12, kafin 12 da rabi bangon nan naki na yamma ya mayar da ɗakin yadda yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wutar da kika ce tana zuwa ba ƙarfi. Wutar gida ya kamata ta zauna wajen bolt 230. In ta faɗo ƙasa sosai kwamfureso, wato injin da ke cikin esin, yakan yi ta gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, wayar cikinsa ta ƙone. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini a bazara wannan ce ta kashe su. Dole ki haɗa da sitabilaiza babba, ga kuɗin bututu, ga gas, ga fasa bango a gidan da ba naki ba. Sannan yawancin 'yan Baljiyam ɗin nan tsofaffi ne masu gas R22, sababbi sun koma R410A da R32. Za ki gan shi an wanke an goge yana ƙyalli, ba ki san shekara nawa ya yi yana aiki ba. Janaretonku ƙarami kuwa bai kai wat 1,000 ba, kuma kwamfureso lokacin tashi yana fizgar ninkin abin da yake ja in yana tafiya, ba zai ɗauka ba ko kusa. Sai kin sayi babba, shi kuma kusan lita ɗaya yake sha a awa.

Da ni ne, ga abin da zan yi. Kafin in sayi komai sai in gyara silin. Ramin nan da kike hango kwano ta cikinsa, ta nan zafi yake zubowa kai tsaye. Kwano a rana yakan yi zafin da ba ka iya taɓa shi, silin ne kaɗai ke tsakaninku da shi. Ki yi wa mai gidan magana a gyara a cire a kuɗin haya. Bangon yamma kuma ki samu zana biyu ko uku a kafa itace a jingina su daga waje, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango don iska ta ratsa. Kuɗi kaɗan ne, amma bangon da rana ba ta dake shi ba ba shi da zafin da zai amayar muku da dare.

Sauran kuɗin ki sa a sola, amma ƙarama wadda ba ta buƙatar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Akwai fankoki masu aiki da wutar batir kai tsaye, bolt 12, a kasuwa ki ce fankar DC. Wat 25 zuwa 30 suke ja in an ƙure su. Batir mai amfiya 100 a bolt 12 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya a lissafi, amma in ba na litiyam ba ne rabi kawai ya kamata a ja, wato 600. Fanka biyu masu wat 30, awa 10, daidai 600 ke nan. In kin sa su a lamba biyu maimakon uku har ƙwan fitila biyu da cajin waya za ki samu. Farantin sola mai wat 200 ya isa ya cika shi a yini a ranar ƙasarmu, in ana goge masa ƙura. Sai kwantirola mai daidaita caji tsakanin faranti da batir, kada wani ya ce miki a haɗa kai tsaye don a rage kuɗi.

Fankarki ta bayan ƙofa kuma kada ki yar. Ita lafiyarta ƙalau, ɗan batirin cikinta ne ya mutu. Yawanci ƙarami ne mai amfiya 4.5 ko 7, ana kwance shi da sukudireba a sa sabo. Abin da ke kashe su da wuri shi ne a bar fankar tana juyi har ta tsaya da kanta, sannan ta kwana biyu ba caji. Zafi ma yana cin batir, don haka babban in kin saya ki ajiye shi inda iska ke shiga, a ɗora shi kan katako.

Wajen saye, ki tafi da wanda ya sani. Batir ki ɗaga ki ji nauyinsa, mai amfiya 100 na dalma na gaske yana kai wajen kilo 30, in kika ɗaga shi da hannu ɗaya cikin sauƙi to lambar da ke jikinsa ƙarya ce. A auna faranti a rana a gabanki. Kuma a rubuta miki garanti a rasit.

Ɗan Azare

Malama, duk abin da Oga ya faɗa a kan esi haka yake. Amma akwai inda maigidanki ya fi mu gaskiya, kuma ba a amsa masa ba. A watan Afrilu, ranar da zafi ya kai digiri 40, iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, fanka ko ta sola ce ko ta me, wannan iskar za ta kaɗo miki. Nan ne fanka mai ruwa take da rana.

Aikinta irin na randa ne. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, busarwar ce ke kwashe zafi ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fanka mai ruwa ma ɗan famfo ne ke jiƙa wani soso mai kamar saƙar zuma a bayanta, iska ta ratso ta ciki ta fito da sanyi. Mu a nan iskar bazararmu busasshiya ce, shi ya sa take yi mana aikin da ba ta yi wa mutanen Legas. Shekara uku ina amfani da tawa. Daga Maris zuwa tsakiyar Mayu har mayafi nake ja da asuba.

Sai dai ki san halinta kafin ki saya. Ba a rufe mata ɗaki, sai an bar taga a buɗe, ita kuma a ajiye ta bakin ƙofa ko wata tagar tana shaƙo iskar waje. In kika kulle sai ɗakin ya yi gumi, jiki ya yi danƙo. Da ruwan sama ya sauka iska ta jiƙe, aikinta ya ƙare sai wata shekara, ta koma fanka kawai. Tana shan ruwa, tawa jarka ɗaya ba ta kai ta safe in zafi ya tsananta, ke kuma na san Gombe da sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, ki sa wannan a lissafi. Duk sati a zubar da na ciki a wanke tankin, in ba haka ba wari da sauro. Kuma ƙananan nan kamar akwatin rediyo da ake tallarsu a Facebook, kada ki ba da ko sisi, ba sa sanyaya komai sai fuskar wanda ya kusa da su.

Irin tawa wat 80 take ja, za ta yi wa batirin da Oga ya lissafa nauyi in an haɗa da wata fankar. Akwai masu bolt 12, ki tambaya.

Tsohuwar Nas, Jekadafari

'Yata, maganar fanka na bar wa masu ita. Ni maganar Inna ce ta hana ni wucewa.

Zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba. Mutum biyu a ɗaki ɗaya rufaffe, da gawayi, su tashi da ciwon kai da jiri da amai da mutuwar jiki, su fito iska su warware, wannan ba hawan jini ba ne. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da muke rayuwa da ita, kuma ta fi ta riƙo sau sama da 200. Mai barci sai barcin ya ƙara nauyi. Ita ce dai gubar hayaƙin janareto da muke jin ta kwashe iyali guda a dare ɗaya. Allah ne ya kai ki ɗakin nan da asuba, ki gode masa. Na yi aikin asibiti shekara 32, na ga waɗanda aka kawo ba a kai musu da wuri ba.

Mutane suna cewa in gawayi ya ruru ya yi ja hayaƙi ya ƙare, babu komai. Ba haka ba ne, jan garwashin ma yana fitar da ita.

Kuma kada ki yi musu da Inna cewa ba a kwana da kasko a Dukku, gaskiya ta faɗa. Amma ki tuna mata irin ɗakin. Ɗakin ƙasa mai jinka ko azara, ƙofar asabari ko kyauren da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, ko'ina yana numfashi. Duk da haka ma akan yi asara, ba a dai san dalili ba ne. Yanzu bulo ne da siminti da ƙofar ƙarfe, ga tsumma a taga. Ki faɗa mata da lallashi, ki ce saboda jikarta. Tsofaffi abin da ba za su bari don kansu ba suna barinsa don jika.

Abin da nake yi wa kaina, don ni ma gwiwar ce: akwai jakar roba ta ruwan zafi, ana samu a manyan kemis, ba tsada. A zuba ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, a ɗaure bakin da kyau, a naɗe da tawul, a sa cikin bargo kafin ta kwanta, sannan ta ɗora gwiwa. Kada ta taɓa fata kai tsaye, musamman in tana da ciwon suga, don ƙafar mai suga ba ta jin ƙuna da wuri. Katifarta a ɗaga ta daga siminti, ko gado ko a shimfiɗa kwali da darduma a ƙasa, sanyin daɓe ne ke shiga ƙashi. Safa, hular sanyi, bargo biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri. In tana son jin wuta, ta ji a tsakar gida bayan isha, a kashe kafin a shiga.

Hita ta lantarki ban hana ba, amma ƙaramarta mai sanda uku kowace sanda wat 400 ce, solar da ake miki magana ba za ta ɗauka ba, sai in an kawo wuta. Kuma a nisanta ta da gidan sauro da labule, kada a yi barci a bar ta.

Ki kai Inna a auna jininta duk da haka. In kuma irin wannan ta sake faruwa ga kowa, a fito da shi iska nan take a wuce asibiti, kada a tsaya jiran ya warware.

Abban Yara, Federal Low Cost

Ni dai ina bayan maigida, a yi mini afuwa. Na ɗaura esi inbata 1 HP sabo shekara biyu da suka wuce, ban yi nadama ba. Yana tashi a hankali ba ya fizgar wuta, in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage ja. Ina sa shi a digiri 26 in kunna fanka, katina yana kai ni. Mahaifina mai hawan jini ne, a bazara ɗakin nan ne ke riƙe shi. Araha ba ta ado Malama, in da hali ki ƙara wani zubin ki sayi sabo.

Mai Gyaran Esi, Bauchi

Alhaji, inbata sabo daban, wanda aka yi wa maigidanta tayi daban. Kai kana da wutar da za ka ba shi, ita awa 6 take samu kuma da rana. Ranar da layinsu ya gyaru, ko suka koma gidan kansu, ni da kaina zan ce ta sayi irin naka.

Malamar Firamare, Pantami

Jama'a ku yi haƙuri na yi shiru, sai da na ga abin da ya yiwu na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Na karanta wa maigida lissafin Oga daga farko har ƙarshe. Bai ce komai ba a daren, washegari ya kira mai esin ya tambaye shi ko ƙaramin janaretonmu zai ɗauka, shi ma ya ce a'a. A nan maganar ta mutu.

Silin an gyara. Mai gidan ya yarda a cire rabi a kuɗin haya, rabi mu ɗauka, na karɓa don ba na son jan magana. Da kafinta ya ɓamɓare tsohon kwalin ɗakin Inna, ƙurar da ta zubo ta cika bokiti biyu, kuma tsayuwar minti biyar ƙarƙashin kwanon da tsakar rana ta sa na gane abin da muke kwana da shi. Zana uku na saya, ƙanin maigida ya kafa su ranar Asabar. Daren Lahadi na ɗora hannu a bangon kamar yadda na saba, da ɗumi har yanzu, amma ɗumin da za ka iya jingina bayanka.

Sola mun haɗa faranti mai wat 200 da batir mai amfiya 100 da kwantirola. Batirin ya cinye fiye da rabin kuɗin. Na ɗaga shi kamar yadda aka ce, ni kaɗai ban iya ba sai da yaron shago ya kama mini. Abin da ya rage fankar DC ɗaya ya saya, na sa ta ɗakin Inna da yara. Tsohuwar fankata ta bayan ƙofa aka canza mata batir, ga ta nan tana aiki a ɗakina, kuma yanzu da rana a jikin sola nake cajinta, ba na barinta ta mutu. Kwana 9 ke nan autana yana kai wa asuba bai farka ba. Ina dai ajiye jiƙaƙƙen zani kusa, don Afrilu ba ta shigo ba tukuna.

Yaya na Azare, fanka mai ruwa tana raina. Na je na ga ta abokiyar aikina, na zauna gabanta, sanyin gaskiya ne. Kuɗi ne suka ƙare, kuma jarkar ruwa kullum sai na yi shawara da aljihu. In maigida ya samu abin da yake jira a wata mai zuwa za mu duba mai bolt 12.

Mama ta Jekadafari, na bi shawararki, ban yi musu da Inna ba. Na ce mata likitoci sun ce hayaƙin gawayi yana taɓa ƙananan yara, kuma jikarta takwararta ce ke kwana kusa da kaskon. Ta yi shiru, can ta ce a fitar da shi. Yana madafa yanzu. An auna jininta ya ɗan hau, an canza mata magani. Jakar ruwan zafin ma na samo, duk da sanyi ya wuce, ta fara ɗora ta a gwiwa da asuba, ta ce tana jin daɗinta.

Tambaya ɗaya ta rage, Oga. Farantin yana kan kwano, kuma ƙura har ta fara kwanta masa. Maigida ya ce zai riƙa hawa yana wankewa. Da ruwa zalla ake wanke shi ko da sabulu, kuma da safe ko da yamma? Yaron da ya haɗa mana ya ce kada a zuba masa ruwa da tsakar rana, amma bai faɗi dalili ba.

Mai Gyaran Esi, Bauchi

Ruwa zalla da tsumma mai laushi, Malama, da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Da tsakar rana gilashin ya ɗauki zafi, ruwan sanyi zai iya tsaga shi. Sau ɗaya a sati ya isa yanzu, in hazo ya dawo a mayar sau biyu. Maigida ya taka kan layin ƙusa inda katako yake, kada ya lotsa kwanon damina ta zo muku da yoyo a sabon silin.